Kabarin Buba a Gefen Dutse

Sunana Sanda, mutumin Mandera a ƙasar Shagari. Haƙar rijiya na gada. In an yi rasuwa a garinmu kuma, gidanmu ake fara aikowa a zo a haƙa kabari. Ban yi boko ba. Abin da na sani hannuna ne ya koya mini, kuma yanzu yatsu biyu kaɗai ke motsi a hannuna na hagu. Zan faɗi inda na baro ƙarfin sauran ukun.

Mu biyu muka tafi, ni da Buba, ɗan goggona na Horo Birni. Taubashina ne, ba mu gaisawa sai da tsiya. Yana ce mini bawansa, ina ce masa nawa. Manomin albasa ne, ya girme ni da damina biyu, bai taɓa shiga rami ba. An ce mana can arewa, bayan Agadas, masu neman zinariya suna son mahaƙa. Na ce zan je. Buba ya ce ba a barin bawa ya yi tafiya shi kaɗai, sai ya ɓace.

A Agadas aka loda mu a bayan buɗaɗɗiyar mota, kowa ya riƙe sandar da aka kafa tsakanin ƙafafunsa. Kwana na biyu wani mutumin Damagaram ya yi gyangyaɗi ya faɗi. Muka buga motar da hannu, muka yi kira. Direba bai tsaya ba. Na daɗe ina hango shi yana gudu a bayanmu, har ya zama ɗigo.

A Arlit wata mai abinci ta ji harshenmu ta gane Sakkwatawa ne. Ta ce uwarta 'yar Bodinga ce. Ta dama mana fura ta ƙi karɓar komai, ta ce mu gaida gida in mun koma. Buba ya sha ya ce gero ya yi, amma nonon ba na Fulanin Shagari ba ne. Ta yi dariya ta ƙara masa.

Bayan Arlit hanya ta ƙare, sai sawun tayoyi. Da rana tsaka wasu masu bindiga suka tare mu da motoci biyu. Suka kwantar da mu rubda ciki a kan yashi mai zafi, suka tuɓe mu, suka bi mu da tiyo ɗaya bayan ɗaya. Wani ya haɗiye abin da ya ɓoye, suka ɗura masa ruwan gishiri har ya amayar. Buba ya ɗaga kai ya dube ni, aka sa masa gindin bindiga a baki. Haƙori biyu ya tofar. Da suka tafi ya ce dama sun dame shi da ciwo.

Daga nan direba ya kai mu gindin wani dutse ya miƙa mu ga wani mutum. Ban san ko wace ƙasa ce ba, babu tuta, babu gari. Mutumin ba ya cire baƙin gilashi, shi ya sa muke ce masa Mai Gilashi. Yana da yara masu bindiga, da motar ruwa, da ramuka da yawa. Ya karɓe takardunmu da wayoyin da suka rage mana. Bai kewaye wurin da komai ba. Wanda ya gudu, ƙishirwa ce ke kama shi.

Dutsen kansa ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙasarmu babu shi. A wajenmu in ka haƙa, za ka wuce yashi, ka sami marmara, ka sami yumɓu, kowanne a kwance kan ɗan'uwansa kamar tabarmin da aka jera. Wannan kuwa dunƙule guda ne, faɗinsa ya kai daga Shagari zuwa Bodinga, toka-toka mai ɗigon fari da baƙi. Irinsa ɗaya na sani a duniya, dutsen niƙan goggona, wanda aka kawo mata daga wajen Zamfara. Farar jijiya ta dutsen ƙanƙara ke ratsa babban dutsen, a cikinta zinariyar take. Ita muke bi, da guduma da ƙusoshin ƙarfe masu kaurin hannu, wani lokaci da nakiya.

Sati na farko wani Bazabarme ya mutu a rami, hayaƙin nakiya ya shaƙe shi. Na ajiye guduma na tambayi inda maƙabarta take. Aka yi mini dariya. Yaran Mai Gilashi suka ja shi ta ƙafa zuwa wani tsohon rami da aka daina aiki a ciki, suka tura shi. Ba wanka, ba salla. Muka ji faɗuwarsa. Na ce ba a yi wa Musulmi haka. Mai Gilashi ya sa aka ɗaure ni a tayar motar ruwa, aka yi mini bulala har na daina ƙirgawa. Ya ce a nan babu ƙasar da za a binne kowa, duk dutse ne, kuma ba a tsayar da aiki don gawa.

Da yamma Buba na shafa mini baƙin mai a baya, ya ce, "Bawana, ka ga abin da sunka yi ma mutumen ga? In ta Allah ta kasance gare ni nan, kak ka bari su jehwa ni awa mushen jaki. Sana'arku ta. Ka yi min ɗaki na kirki, in dubi gabas."

Na ce masa ya rufe mini baki, mugu ba ya mutuwa da wuri. Ya ce shi dai in ce na ji. Na ce na ji.

Akwai wani mutumin Sudan a wurin, Malam Idrisu. Dogo ne, siriri, kullum da farin rawani. Ya yi karatun duwatsu a babbar makaranta, yaƙi ya kore shi daga gida. Shi ke nuna wa Mai Gilashi inda za a haƙa, don haka ba a dukansa. Yana jin Hausa irin ta can. Da ya ga aikina sai ya riƙa ce mini Usta, wato gwanin aiki.

Wata rana ya same ni ina sara ta gefe a cikin rami, ina bin jijiya, na bar dutse a saman kaina babu abin tokarewa. Ya kira ni waje. Ya zuba ɗan ruwa a kan falalen dutse ya ce in duba. Na duba. Ya ce in dubi fararen ƙwayoyin nan masu tsawo kamar gaɓar yatsa, ina suka nufa? Sai a lokacin na lura duk sun miƙe gefe ɗaya. Ya nuna mini wasu baƙaƙen dunƙule a cikin dutsen, su ma an ja su sun yi tsawo kamar kifi, kansu na bin wannan hanyar.

Ya ce dutsen nan da can narkakke ne, can ƙarƙashin ƙasa, kamar kunu mai kauri. Ya taso ya cika wani babban wuri. Fararen ƙwayoyin su suka fara daskarewa, suna yawo a cikin kunun. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin karan dawa a kan ruwan gulbi in ya kawo. Na ce na gani. Ya ce ai ba sa gittawa, bin ruwa suke yi, su jeru. Haka waɗannan suka jeru. Kuma ba zubi ɗaya aka yi ba. Wani zubin ya zo ya fara sanyi, wani sabo ya kunno daga ƙasa ya kumbura shi, ya matse na farkon a jikin bango kamar tuwo tsakanin tafin hannu biyu. Shi ya sa a gefen dutse saƙar, wato yadda ƙwayoyin suka jeru, take da ƙarfi, take tsaye tana bin bangon. A tsakiya kuwa ƙwayoyin a barbaje suke, kowace da inda ta nufa. Da ya gama daskarewa saƙar ta zauna a haka. Iska da ruwa suka kwashe ƙasar da ke samansa, ga shi muna tsaye a kai.

Ya ce, "Usta, nan gefe muke. Dutsen nan ba a kwance yake ba, a jingine yake. Ta nan yake son tsagewa, kamar itace a hannun mai faskare. In ka cire masa ƙafa zai zame."

Na ce masa ubana ya haƙa rijiya, kakana ya haƙa, ni ma na haƙa fiye da yadda zan iya tunawa, kuma babu wadda ta rufta. Na ce dutse dutse ne, rufin da ya riƙe a Mandera zai riƙe a nan. Bai yi musu ba. Ya ce Allah ya tsare, ya tafi.

Kwana huɗu bayan haka nake can ƙuryar ramin ina sara, Buba na bayana yana cika guga. Yana ba ni labarin yadda zai sayi injin ban ruwa ya cika kasuwar Bodinga da albasa, ni kuma in riƙa ɗaukar masa buhu. Ban ji wata ƙara ba. Wani falle mai girman ƙyauren zaure ya saki daga sama ya zamo, daidai hanyar da Malam Idrisu ya nuna. Ya wuce ni. Ya sami Buba daga ƙugu zuwa ƙasa.

Mu shida muka ɗaga da ƙarafa. Muka fito da shi da rai. Ƙafafunsa sun juya inda ƙafa ba ta juyawa, cikinsa ya fara kumburi. Na je na durƙusa gaban Mai Gilashi na roƙi mota a kai shi inda likita yake. Ya ce man mota ba na banza ba ne. Ya ce tunda ni na ɓata masa rami, gobe in shiga in gyara.

Muka kwantar da Buba a inuwar buhuna. Ya kira ni da ido. Na sunkuya, ya ce, "Kai mai nawa na wurin aiki. Tahi ka hwara tun yanzu." Na ce masa ni na kashe shi. Ya ce bawa bai isa ya kashe ubangijinsa ba, in bar wannan magana in tafi.

Na je wurin Malam Idrisu. Ban iya kallon fuskarsa ba. Na ce ina son kabari a cikin dutsen nan, tsawonsa kudu da arewa, yadda mamaci zai kwanta kan damansa ya dubi gabas. Ya ce a inda muke ba zai yiwu ba. Muna gefen kudu, saƙar ta miƙe gabas da yamma. In na gitta ta zan yi wata ina bugu, ɓarɓashi kawai zan samu. Amma saƙar tana kewaya dutsen kamar bakin ƙwarya. In na bi gefen na nufi gabas, zan ga tana lanƙwasa a hankali, har in kai inda ta miƙe kudu da arewa. A can dutsen zai buɗe mini da kansa. Ya ce in riƙa jiƙa shi ina bin kan baƙaƙen kifayen.

Da gari ya waye ban shiga ramin Mai Gilashi ba. Na ɗauki guduma da ƙusoshi shida da galan ɗin ruwana. Na bi gindin dutsen. In na yi ɗan nisa sai in tsaya in tofa yawu in shafa in duba. Da farko ƙwayoyin na nuna fitowar rana. Can sai na ga sun fara karkata. Yawuna ya ƙare, na koma ɗiga ruwan sha. Kafin rana ta take na isa wani wuri inda inuwata da saƙar suka gaya mini na zo. Akwai wata siririyar tsaga a wurin tana bin saƙar, wuƙa ba za ta shiga ba. Na auna tsawon Buba da taku, na ƙara kaɗan don yana son miƙe ƙafa. Na huda ƙananan ramuka a jere, na kafa ƙusoshi, na riƙa bin su da guduma ɗaya bayan ɗaya, ba da ƙarfi ba. Wajen la'asar sautin ya canza. Dutsen ya yi wata ƙara kamar an karya rake, tsaga ta tafi a miƙe kamar an ja zare. Na zauna na dube ta. Da na saurari mutumin nan kwana biyar da suka wuce, da Buba na tsaye.

Da na koma, yaran Mai Gilashi na jirana. Suka kayar da ni suka tattake ni da takalma a gaban kowa. Haƙarƙarina ɗaya ya tsage. Na rarrafa wurin Buba. Ya tambayi yadda ɗakin yake. Na ce an fara. Ya ce kada in yi masa ƙunci irin na rijiyoyina.

Kashegari na sake tafiya. Na tsaga layi na biyu kusa da na farko, tazarar kamu biyu, na riƙa ɓalle abin da ke tsakaninsu falle-falle ina fitarwa. Zurfinsa ya kai gwiwa. Da yamma Mai Gilashi da kansa ya tarye ni. Bai ɗaga murya ba. Ya sa mutum biyu suka danne ni, suka shimfiɗa hannuna na hagu a kan dutse. Ya karɓi gudumata ya juya ta a hannunsa. Ya ce tunda hannun ba ya yi masa aiki, ba zai yi wa kowa ba. Sau uku ya buga.

Ban san lokacin da aka ɗaure mini hannun ba. Malam Idrisu ne ya yi, da tsumma da ɗan itace.

Buba ya cika da hantsi a rana ta uku da fara haƙar kabarin. Maganarsa ta ƙarshe kalmar shahada ce. Kafin ita ya ce in gaya wa Goggo albasar da ke rumbu a raba wa yaransa, kada a bar ƙanensa ya sayar da arha.

Yaran Mai Gilashi biyu suka taho za su ja ƙafarsa. Na tashi da guduma a hannun dama. Na farkon ya miƙa hannu, na sauke masa ita a gwiwar hannu, na ji ƙashin ya tafi. Na biyun ya ɗaga bindiga. Malam Idrisu ya shiga tsakaninmu ya tsaya, ya ce ya harba, sannan ya je ya gaya wa maigidansa wa zai nuna masa jijiya gobe. Yaron ya ja ɗan'uwansa suka tafi kiran Mai Gilashi, wanda ya fita da mota tun safe.

Ban roƙi kowa ba. Mutane suka riƙa fitowa daga ramuka. Wani ya kawo galan ɗinsa ya tsiyaya mini murfi biyu na ruwa, wani uku, har muka sami abin da za a yi wa Buba wanka. Malam Idrisu ya warware rawaninsa ya ba da likkafani. Muka ɗora shi a kan tsani muka bi gefen dutsen, ana karɓa-karɓa. Zabarmawa, Barebari, mutanen Cadi, wasu ban san yarensu ba.

Kabarin bai gama ba. Ba zan iya riƙe ƙusa ba. Malam Idrisu ya durƙusa ya riƙe mini da hannunsa biyu, ya ce in buga, ya yarda da idona. Na buga. Wasu suka karɓi gudumar, ina nuna musu inda za su kafa. Muka kai shi ƙugu. Muka tsago falle huɗu masu faɗi daga gefe, suka fito sumul kamar allo, don rufi.

Mun jeru sahu, an yi kabbara ta biyu, muka ji motar. Ta tsaya a bayanmu. Aka yi harbi sama. Babu wanda ya juya. Aka sake harbi, harsashi ya bugi dutse kusa da ƙafata, ɓarɓashi ya yanke mini ƙauri. Wani Babarbare da ke gefena ya faɗi, an same shi a cinya, ya dafa ƙasa ya ci gaba a zaune. Malam Idrisu ne liman. Mai Gilashi ya zagayo gabansa ya buga masa gindin bindiga a fuska. Malam Idrisu ya tofar da jini ya yi kabbara ta huɗu, ya yi sallama.

Ni na shiga na karɓi Buba da hannu ɗaya da kafaɗa. Na kwantar da shi kan damansa. Fuskarsa ta dubi gabas daidai, ban ko gyara ba. Muka jera fallayen, muka toshe tsakaninsu da tsakuwa, muka tara manyan duwatsu a kai yadda dila ba zai iya tonawa ba. Mai Gilashi na tsaye yana kallo. Ina jin ƙirga mu yake yi, ya ga in ya harbe mu duka babu mai shiga masa rami.

A ranar aka jefa ni bayan motar ruwa. Mai hannu ɗaya ba shi da amfani a wurin. Malam Idrisu ya tura mini dabino a aljihu, fuskarsa a kumbure, bai iya magana ba. Ban sake jin labarinsa ba. Direban ya sauke ni a wani wuri ya nuna mini kudu da baki. Kwana biyu na yi ina tafiya, na sha fitsarina, kafin wasu Buzaye masu raƙuma suka tsince ni. A Arlit aka matse mini ruɓar hannun. Na nemi mai furar nan ban same ta ba.

Ban nufi Mandera ba da na iso. A Horo Birni na fara sauka. Labari ya riga ni, wani da ya dawo ya ce ɗayanmu ya mutu, bai san wane ba. Na tarar da Goggo a tsakar gida, a durƙushe gaban dutsen niƙanta. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta dubi hannuna. Ba ta yi kuka ba. Na durƙusa na gaya mata komai, har da cewa an gargaɗe ni na ƙi ji. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "An ruhe shi?"

Na ce, "An ruhe shi, Goggo. Da wanka da salla."

"Ina yad duba?"

"Gabas."

Ta ce in ɗebo ruwa in wanke mata dutsen, za ta dama mini kunu. Na zuba ruwan na shafa da hannun dama. Fararen ƙwayoyin suka fito, duk a jere, sun miƙe gefe ɗaya. Tun ina yaro nake zama kusa da dutsen nan ina jiran gari, ban taɓa gani ba.